Dokar da Ba a Ambaci Mai Ita ba: Majhulin Ingilishi da Yadda Ake Juya Shi Hausa a Iyakar Jibiya

Matafiyin da ya tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi, in ya bi babbar hanya, ta ƙasar Jibiya zai ratsa, ya isa Magama inda ma'aikatan Nijeriya suke, sa'an nan ya ƙetare zuwa Ɗan Isa ya tarad da na Nijar. Mutanen wannan gefe da na wancan Hausawa ne, da yawansu ma dangin juna, gama Maraɗi ita ce sarakunan Katsina na dā suka mai da mazauninsu bayan da birninsu ya fita hannunsu a 1807. Layin da ya raba su kuwa, Ingila da Faransa ne suka daidaita a kansa a 1906, Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi shi suna kafa alamu har 1908. Dokar da ke tsare wannan layi da Ingilishi ake rubuta ta a kudu, da Faransanci a arewa, amma da Hausa take isa kunnen mafi yawan waɗanda ta hau kansu. Tsakanin takarda da kunne lalle akwai tafinta, ko an san da shi ko ba a sani ba, watau ma'aikacin da ke bakin shinge, ko ɗan kamasho a tasha, ko mai karanta labarai a gidan rediyo. In tafintan ya karkata kaɗan, wani yana iya rasa jarinsa.

Yawancin jimlolin hani da na sharaɗi a takardun Ingilishi gini ɗaya suke bi, wanda Turawa ke kira “passive”. Malaman nahawun Larabci sun daɗe da sanin ɗan'uwansa, suna ce da shi majhuli, watau fi'ilin da ba a ambaci mai aikata shi ba, aka ɗauko abin da aka yi wa aikin aka zaunar da shi a gurbin mai aikin. Wannan suna ya fi na Turawa kama gaskiyar al'amarin, saboda haka shi za a riƙe a nan. Abin da ake so a nuna shi ne, yadda aka saba koyad da majhulin Ingilishi a kwalejojin horon malamai bai taɓo ainihin aikinsa ba, kuma daga wannan giɓi ne kurakuran fassara mafi tsada suke fitowa.

Duk wanda ya zauna a aji ya san darasin. Malami ya rubuta “Audu killed the snake” a allo, ya ce a juya, yara su rubuta “The snake was killed by Audu”, a ba su maki. A yi ta haka jimla ashirin, har yaro ya tabbata majhuli wasa ne na musanya kujeru, ma'ana ba ta motsi. To, amma Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi na 1985, sun ƙiyasta cewa kimanin huɗu cikin biyar na jimlolin majhuli ba su ambatar mai aikin ko kaɗan. Ashe abin da ake ta horon yara a kansa shi ne mafi ƙarancin aukuwa. Har wa yau shi ne wanda Hausa ba ta da shi. Ɗalibin da aka matsa wa ya fassara sai ya ce “an kashe maciji ta hannun Audu”, abin da ba Bahaushen da zai faɗa a gida. In ana son a ambaci Audu, cewa ake “Audu ne ya kashe macijin”. Waɗansu malamai kuma sun ɗauki shawarar George Orwell ta 1946, cewa kada marubuci ya yi majhuli inda zai iya ambatar mai aiki, suka mai da ita farilla, suna jan layi ja a ƙarƙashin kowane majhuli. Shawarar tana da amfani ga mai rubuta maƙala. Ga wanda zai karanta doka ba ta da magani, don mai rubuta doka bai ji ta ba, kuma yana da dalilinsa.

Misali mafi kusa da Jibiya shi ne umarnin da Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta fitar a watan Nuwamba na 2019, watanni uku bayan rufe iyakokin ƙasa, zamanin da Kanar Hamid Ali mai ritaya yake shugabanta. Umarnin ya hana sauke man fetur a kowane gidan mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, garin Jibiya kuwa yana cikin wannan tazara. Farkon jimlar ya ambaci mai umarni sarai, cewa shugaban hukumar ne ya umarta. Amma da aka zo kan hanin kansa, sai fetur ya zama shi ne shugaban jimla, aka ce babu man da “is permitted to be discharged”. Majhuli biyu ke nan, ɗaya a kan ɗaya. Na fari ya ɓoye mai ba da izini, na biyu ya ɓoye mai saukewa. Ɓoyewar fari ba ta da wani nauyi, tun da an riga an faɗi mai umarnin. Ta biyu ita ce aikin ainihi: da an ce direbobin tanka kada su sauke, da mai gidan mai ya aiko da yaransa, da an ce masu gidajen mai, da direba ya ce shi ba da shi ake ba. Rashin ambaton kowa shi ne ya haɗa kowa. Wannan shi ne abin da darasin Audu da maciji bai koya wa yaro ba.

Hausa tana da abin da ya yi daidai da wannan, har ma ya fi shi sauƙi, watau lamirin nan da ba ya nuna kowa: a, an, aka, ana, akan, za a. “Kada a sauke mai” ta hau kan direba da mai gida da yaron famfo baki ɗaya, da kalmomi huɗu. Lamirin ma yana shiga inda majhulin Ingilishi ba ya iya shiga, don yana tafiya da fi'ilin da ba ya ɗaukar maf'uli. Bahaushe yana cewa “ba a kwana a nan”, Bature kuwa sai ya nemo suna ya kafa, ya ce kwanan ne aka hana. Saboda haka wahalar mai fassara ba ta rashin kayan aiki ba ce. Wahalarsa ita ce Hausa tana tilasta masa ya zaɓa a inda Ingilishi ya bar abu a dunƙule.

A ɗauki jimlar “The border cannot be crossed”. Bahaushe yana da hanya huɗu, kowace da inda ta nufa. In ya ce “kada a ƙetare iyaka”, shi ne mai umarni, ko yana magana da bakin mai umarni. In ya ce “an hana ƙetare iyaka”, labari yake bayarwa cewa wani mai iko ya yi hani, shi kuwa ba ruwansa. In ya ce “ba a ƙetare iyaka”, ya mai da hanin kamar al'ada wadda aka tashi aka tarar, irin yadda ake ce wa yaro ba a cin abinci da hagu. Wannan ita ce mafi ƙarfi a kunne, don ba ta bar wurin tambayar wa ya ce ba. Ta huɗu ita ce “iyaka ba ta ƙetaruwa”, kuma a nan ne ɗalibai masu ƙwazo suka fi faɗawa. F. W. Parsons, da ya kasa fi'ilan Hausa aji bakwai a 1960, ya sa masu ƙarewa da wasalin u a aji na bakwai: gyaru, dafu, taru, yiwu. Da yake waɗannan su ne suka fi kama da majhulin Turawa a siffa, tun da abin da aka yi wa aikin ne yake gaban jimla, sai aka riƙa koya wa ɗalibai cewa su ne majhulin Hausa. Kamar ta siffa ce kurum. “Nama ya dafu” tana nufin dahuwa ta kai matuƙa, “ba ya gyaruwa” kuma tana nufin gyaran ya gagara. Ba ruwan wannan aji da izini ko hani. Mutum yana iya cewa gulbi ba ya ƙetaruwa da damina, gaskiya ya faɗa. Wanda ya ce iyakar Jibiya ba ta ƙetaruwa kuwa, ko a lokacin da aka fi tsananta tsaro, masu babura da jarkoki za su yi masa dariya, gama daji faɗi gare shi. Bature da ya ce “cannot” a takardar doka hani yake nufi. Mai fassarar da ya mai da shi gagara ya juya doka ta zama ƙarya.

Akwai wani zaɓi makamancin wannan. “The border is closed” tana iya zama labarin aiki, tana iya zama bayanin hali, Ingilishi bai rarrabe ba. Hausa ta rarrabe: “an rufe iyaka” dabam, “iyaka a rufe take” dabam. Mutanen Jibiya sun ga ranar wannan bambanci. An rufe musu iyaka a watan Afrilu na 1984 har zuwa Maris na 1986, aka kuma rufewa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, ko da yake an buɗe ta Illela da ta Maigatari tun Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sāke rufewa. Ran 13 ga Maris 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a buɗe, amma Nijar ba ta buɗe nata gefen ba sai ran 22 ga watan. A cikin waɗannan kwanaki tara, wanda ya ce “an buɗe iyaka” bai yi ƙarya ba, wanda ya ce “iyaka a buɗe take” kuwa ya yi, kuma ɗan kasuwar da ya yi lodi a kan maganar na biyu a bakin shinge zai kwana. Ƙofa mai mukulli biyu ce, lamirin “an” bai faɗi mukulli nawa aka murza ba.

Sai maganar sharaɗi, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Ingilishi yakan haɗa majhuli da “only if”, ko “unless”, ko “is required”, don ya nuna abin da in babu shi ba a samun biyan bukata. Hausa tana da kalma ɗaya tak da ke ɗaukar wannan kaya duka, ita ce “sai”, wadda Johannes Lukas ya keɓe wa nazari guda a 1955 saboda yawan ayyukanta. “Ba a wucewa sai da fasfo.” “Sai an biya kuɗin fito akan saki kaya.” Karin magana cike yake da wannan gini, kuma masu karin sun san iyakarsa. Da aka ce sai an sha wuya akan sha daɗi, ba a yi wa kowa alkawarin daɗi ba. Mutane nawa suka sha wuya suka mutu a cikinta? Abin da aka ce kurum, daɗi ba ya zuwa ta wata ƙofa. Haka kuma tsagewar bango ba ta kiran ƙadangare, wuri kawai take ba shi. Malaman usulu sun tsara wannan tun da daɗewa, da suka bambanta sharaɗi da sababi: sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke jawo rashi, amma samuwarsa ba ta tilasta samuwa. Salla ba ta inganta sai da alwala, amma mai alwala ba a ce ya yi salla ba. Ɗalibin da ya yi karatun zaure ya zo kwaleji da wannan a kansa, abin mamaki kuwa ba safai malamin Ingilishi yake tambayarsa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa “idan”, ko “muddin”, ko “matuƙar”, a gurbin “sai”. “Travellers will be admitted only if a valid passport is produced” takan fito da Hausa a matsayin “za a bar matafiya su shiga muddin sun nuna fasfo mai kyau”. Jimlar tana da daɗin ji, amma ta kifar da ma'ana. “Muddin” alkawari ce: ka kawo wannan, ka sami wancan. Bature bai yi alkawari ba, ƙofa ɗaya ya toshe ya yi shiru a kan sauran. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a Dakar ran 29 ga Mayu 1979, ita ce shaida. Sashe na 3 ya ce ɗan ƙungiyar da ke son shiga wata ƙasa “shall be required to possess” takardar tafiya ingantacciya da ta shaidar lafiya, ya kuma yarje masa kwana 90 ba biza. Majhuli ne, ba a faɗi mai nema ba. Sashe na 4 kuwa ya ce ƙasashen suna riƙe da ikon hana shiga ga duk wanda dokokinsu suka ƙi, kuma a nan ba majhuli, an ambaci mai ikon da sunansa a gaban jimla. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan rabo: abin da ke kan matafiyi an faɗe shi ba mai nema, abin da ke hannun hukuma an faɗe shi da mai shi. Wanda aka fassara wa sashe na 3 da “muddin”, ba a karanta masa na 4 ba, in aka mai da shi daga Magama ko Ɗan Isa zai ce an zalunce shi, alhali tafinta ne ya yi masa alkawarin da takarda ba ta yi ba. Nijar ta fita ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso, amma wannan rabo na jimloli yana nan a kusan kowace dokar shige da fice.

Ko “sai” ɗin ma tana da tarko ɗaya, wanda ba a cika lura da shi ba. Muddin tana tare da lamirin da ba ya nuna kowa, doka ce: “sai an biya akan wuce”. Da zarar mai faɗa ya dubi mutum ya ce “sai ka biya za ka wuce”, kunnen Bahaushe ya ji ciniki, ciniki kuwa yana da tayi da sallamawa. Nahawu bai canja da yawa ba, wasali ɗaya ne da baƙi ɗaya, amma maganar ta sauko daga kan kowa ta koma tsakanin mutum biyu.

Ƙananan kalmomin da ke rakiyar majhuli ba su bukatar dogon bayani, sai dai a yi hattara da biyu. “Need not be declared” ita ce “ba dole ne a bayyana ba”, “must not be” kuwa “kada” ce, kuma ɗalibai suna musanya su don dukansu suna da “not”. Haka “may be seized” ba “mai yiwuwa a ƙwace” take nufi ba a bakin doka. Nufinta an ba ma'aikaci ikon ƙwacewa.

Amma “shall” tana son a tsaya a kanta, don a nan ne majhuli yake nuna kyakkyawar fuskarsa. Masu zargin wannan gini sukan ce mafakar masu mulki ne, suna ɓuya a bayansa kada a ce su suka yi. Wani lokaci haka ne. Sai dai sashe na 41 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, da majhuli ya ce babu ɗan ƙasar da za a kora daga cikinta, ko a hana shi shiga ko fita. Da an ambaci mai korar, da an bar ƙofa ga wanda ba a ambata ba. Da yake ba a ambaci kowa ba, hanin ya hau kan shugaban ƙasa da minista da ɗan sandan da ke bakin iyaka. Irin wannan sashe na Tsarin Mulkin 1979 ne Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, ya kafa hujja da shi bayan da aka fitar da shi zuwa Chadi a 1980, kotu kuwa ta ba shi gaskiya. To, in aka fassara wannan “shall” da “za a”, kamar yadda littafin firamare ya koyar cewa alamar lokaci mai zuwa ce, sai a sami “ba za a kori ɗan ƙasa ba”, wadda Bahaushe zai ji ta kamar lallashi ko duba. “Kada a kori ɗan ƙasa”, ko “ba wanda ke da ikon korar ɗan ƙasa”, ita ce ta ɗauko nauyin. Fassarar fari ta mai da haƙƙi alheri, wanda mai yi yana iya fasawa.

Ba laifin magabata ba ne da wannan fanni ya zauna ba gyara. Ofishin Fassara da Rupert East ya riƙe a Zariya a shekarun 1930 littattafan karatu ya sa gaba, kuma Hausar da ta fito daga can, ta Abubakar Imam da abokan aikinsa, ba ta da wannan ciwo, don su ma'ana suke ɗaukowa su sāke gina ta. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 kuma ta fi mai da hankali ga daidaita rubutu da jera kalmomin aro da na fannoni. Jerin kalmomi yana gaya wa mutum yadda zai ce kwastan ko fasfo, amma ba ya gaya masa inda zai sa “sai” da inda zai sa “muddin”. Wannan aikin aji ne. Malamin da ya ajiye Audu da macijinsa mako guda, ya kawo takardar shiga ƙasa ko sanarwar kwastan ta gaske, ya sa kowane ɗalibi ya nemo wanda hanin ya hau kansa, sa'an nan ya faɗi abin da ya rage a hannun hukuma bayan an cika sharaɗi, zai ga waɗanda suka iya juya jimla ashirin ba kuskure suna tuntuɓe a ta fari.

A arewacin layin ma maganar ta taso. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mai fassara a Maraɗi yana da ɗan sauƙi ta fuska ɗaya, don Faransanci yana da lamirin “on” wanda ya yi kusa da “a” na Hausa, hanin kuma yakan zo da “il est interdit”, wadda “an hana” take ɗauke ta ba ragi. Amma ginin “ne … que”, wanda Faransawa ke toshe ƙofofi da shi su bar ɗaya, shi ma “sai” yake bukata, kuma “muddin” tana nan kusa da hannun tafintan Ɗan Isa kamar yadda take kusa da na Magama.